Maganin Hansatu a Adakar Ya Kaka

A gidan Ya Kaka da ke unguwar Bolewa, babu abin da ke shiga cikin mutum sai ya bi ta hannun tsohuwar. Kullum da hantsi za ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta jawo adakar ƙarfe, ta kwance makullin da ke ƙulle a haɓar zaninta, ta fara awo. Shinkafa da gwangwani, man gyaɗa da murfin kwalba, dunƙulen miya kuwa da haƙori take raba shi ta mayar da rabin cikin takardarsa. Kada ka ji tausayinsu, ba talauci ba ne. 'Ya'yanta biyu dillalan shanu ne a karar Potiskum, ranar Laraba ko gaisuwa ba sa amsawa da kyau saboda ciniki. Hali ne kawai. Awon kuma yana da tsarinsa da ba ya canzawa: namiji tukuna, sannan ita, abin da ya ragu a gindin gwangwani na Hansatu ne, matar autanta.

Hansatu ba ta taɓa sa wannan a ranta ba. 'Yar manoma ce daga Danchuwa, ta iya cin kaɗan ta yi aiki da yawa. Abu ɗaya ne nata na kanta a gidan, wata farar roba mai ƙwayoyi da take ɓoyewa a cikin kwallar jerenta. Tun wani awon ciki da ta je, cikin da bai zauna ba, aka gaya mata tana ɗauke da ƙanjamau. Sista Ramlat, ma'aikaciyar da ke kula da masu karɓar maganin, ta ce mata ƙwaya ɗaya kullum, kada ta tsallake ko ranar Sallah, in ta riƙe haka za ta tsufa har tsufan ya ishe ta. Ta kuma ce ta kawo mijinta. Mijin, Muhammadu Lawan, wanda ya daɗe yana raka tirelar shanu kudu, ya ce ta dube shi da kyau, ta ga alamar mai ciwo? A lokacin kam wuyansa har ninki yake yi. Bai sake ta ba, bai kuma tambaye ta inda ta samo ba, ita ma ba ta tambaye shi dalilin rashin tambayar ba.

Damina biyu bayan haka ya kwanta.

Zawo ya fara, sai zazzaɓi, sai bakinsa ya cika da fararen ƙuraje har ruwa ba ya wucewa sai da hawaye. Yayansa, Alhaji Babaji, wanda gidansa ke jikin nasu, ya kawo mai kemis ya rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar da Lawan ke rataye hula. Ya Kaka ta aika wa Malam Abatcha, ya aiko da rubutu cikin jarka. Ruwan kemis ya shiga, ruwan malam ya shiga, duka suka fita ta hanya ɗaya, Hansatu ce kuma mai wanke zannuwan. Mutumin da ke riƙe ƙahon bijimi da hannu ɗaya ya koma sai ta goya shi zuwa banɗaki.

Wata safiya tana goge masa jiki da tsumma, ta ga idonsa ya faɗa, haƙarƙarinsa duk a waje, sai tsoro ya kama ta. Ta san abin da ke cinsa, shi ma ya sani. Ta buɗe kwallarta ta ɗauko ƙwaya ɗaya ta sa masa a baki, ta bi da kunu. Gaskiya dai a faɗe ta, ita ta fara. Tausayi ne ya ja ta, don duk da komai mijinta ne, mutum ne kuma mai ban dariya da ba ya shigowa gida hannu rabbana, ko tsire ne sai ya ƙunso mata a aljihu kada tsohuwa ta gani ta auna.

Ta ci gaba da ba shi a ɓoye, ba a yi wata ba zawon ya fara ja da baya. Ya Kaka tana ta sa wa Malam Abatcha albarka, har ranar da ta ɗaga labule ba sallama ta tarar da hannun Hansatu a bakin ɗanta.

"Me kike ɗura wa Autana?"

Hansatu ta durƙusa. Da tana da wayo da ta ce na ƙarin jini ne. Amma ta gaji da riƙe maganar ita kaɗai, sai ta faɗi sunan ciwon, ta faɗi inda take karɓo maganin. Lawan ya juya fuskarsa bango ya yi kamar barci ya ɗauke shi.

Ya Kaka ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta leƙa ta katanga ta sa aka kira Alhaji Babaji. Ya shigo, ya ji, ya tura ƙofa da ƙafa, ya rage murya kamar mai tayin saniyar sata.

"Wannan sunan ban ji shi ba. Ke ma ba ki faɗa ba."

"Yaya Alhaji, a kai shi asibiti," in ji Hansatu. "Kyauta suke bayarwa. Za su gwada shi su ba shi nasa."

"Asibiti? Kin san wa ke zama a teburin kati? Ɗan abokin cinikina ne. Kafin la'asar zancen ya zagaye kara har wajen masu sayar da igiya. Dillali da hannu yake cin abinci, Hansatu, in an sallama saniya sai an yi musabaha. Wa zai ƙara miƙa wa Lawan hannu? Wa zai miƙa mini? Ga 'yata an kawo gaisuwarta."

"To ni da nake zuwa fa?"

"Ke mace ce. Kin zumbula hijabi kin rufe fuska, wa ya san ki?"

Da zuciya ɗaya ya faɗa, a ganinsa ma yabonta ya yi. Ya Kaka ta miƙa hannu ta karɓi robar, ta girgiza ta kusa da kunne, ta kai ta adaka ta ajiye tsakanin sabulu da kanwa.

"Tunda ciwo ɗaya ne, magani ɗaya ne, mene ne na tara wa kanmu jama'a?" ta ce. "Auta kullum. Ke Litinin da Alhamis."

"Ya Kaka, sun ce kada in tsallake ko rana ɗaya."

"Su suka ce. Ke ba ga ki a tsaye ba? Wanda ke kwance ake ɗagawa. Ni na haifi takwas ban san ɗanɗanon ƙwaya ba, ga ni nan." Ta murɗa makulli ta mayar haɓar zani. "Kuma bari ki ji. Sunan wa ke asibitin? Naki. In maganar nan ta fita waje, ke kika kawo mana shi gida, ni zan fara faɗa."

Haka maganin Hansatu ya koma kamar azumin nafila, ta kuma ja bakinta ta tsuke, don ta san mutanen gari bakin tsohuwar za su yarda da shi.

Jinya kuwa ba ruwanta da Litinin da Alhamis. Da asuba Hansatu za ta ɗaga shi, ta wanke shi, ta sauya shimfiɗa, ta dama kunu mai ruwa-ruwa ta ba shi da cokali yana dawowa da shi tana kwashewa. Ta ja ruwa ta yi wanki a bayan ɗaki inda maƙwabta ba za su ga abin da ke jikin zannuwan ba. Hannunta ya tsattsage saboda omo. Ta samo safar hannu ta roba, Ya Kaka ta hana ta sawa, wai matar kirki ba ta ƙyamar mijinta. Kafin ta gama shanya, 'yan dubiya sun fara sallama.

'Yan dubiyar nan sun fi ciwon wahala. Dillalai su cika zaure, matansu su cika tsakar gida, kowa sai an kai masa ruwa an sa masa abinci, don gidan Ya Kaka ba a zuwa a tafi da yunwa a je a faɗa. A nan ne kawai gwangwanin awo ke cika har ya zuba. Ga maza, Alhaji Babaji ya ce taifot ne ya haɗu da basir. Ga mata, Ya Kaka ta ce jifa ne, ta ma san wanda ya yi, wani dillali ne mai baƙin ciki, jira kawai take Allah ya tona shi. Matan su yi ta jinjina kai, kowace ta tafi da sunan wanda take zargi. Suna kawo kaji da lemo da madara, har da kindirmo mai kyau daga Nangere. Duk ɗakin Ya Kaka suke shiga, su fito a kwanon Lawan. Mai tafiya za ta dubi Hansatu a bakin murhu ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Ki yi ta haƙuri, aljannarki kike nema." Hansatu ta ce amin, a ranta tana cewa da dai ba a gaggauta mata tafiyar ba.

Shi kuwa Lawan, a kwanakin da yake jin ƙamshin kabari, mutumin kirki ne ƙwarai. Zai riƙe hannunta yana hawaye.

"Hansatu, na cuce ki. In Allah ya tashe ni, da ƙafata zan je asibitin nan, in karɓi nawa a bar miki naki."

"Allah ya tashe ka, Malam."

Ta yarda da shi. Shi ma a lokacin ya yarda da kansa.

Robar an auna ta ne don baki ɗaya. Da aka sa mata baki biyu sai ta ƙare lokacin karɓa bai yi ba. Ya Kaka ta zauna ta tsara ƙarya da kanta: Hansatu ta je ta ce robar ta suɓuce ta faɗa rijiya. Sista Ramlat ta dube ta ta saman tabarau, ta tambayi abin da ya kai magani bakin rijiya, ta kuma tambayi lafiyar maigida. Hansatu ta ce yana kudu. Aka ba ta wata, aka kuma gaya mata cewa rijiya ba za ta ci magani sau biyu ba.

Da Ya Kaka ta ji haka sai ta sake lissafi. Ta soke Alhamis. Da ta ga gindin robar ya kusa bayyana ta soke Litinin ma, ta ce na ɗan lokaci ne, kafin Auta ya miƙe. Hansatu ta gwada roƙo, ta gwada kuka. Har satar makulli ta yi niyya, ita da ba ta taɓa ɗaukar ko ƙwayar gyaɗar wani ba, amma tsohuwar da makullinta take shiga wanka, kunnenta kuma ya haddace ƙarar robar, in ƙwaya ɗaya ta ragu za ta ji.

Tari ya fara wa Hansatu kamar wasa. Sai zufa mai jiƙa riga ko da sanyin asuba, sai zazzaɓin yamma, sai zanin da take ɗaurawa ya zauna ya koma sai ta ƙara masa igiya. Guga ya yi mata nauyi. Wata rana ta goyo Lawan daga banɗaki ƙafarta ta lanƙwashe suka zube tare. Ya Kaka ta rugo ta tallafe ɗanta tana duba gwiwarsa, ta ce wa Hansatu ta riƙa kula, ba buhun gero ta ɗauko ba.

Da abin ya kai mata iya wuya ta tare Alhaji Babaji a soro, ya fito daga gaida tsohuwa. Ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya Alhaji, jikina ba daɗi. Rabona da maganin nan an daɗe. Ka yi wa Ya Kaka magana."

"Ayya, sannu," ya ce, ya ɗan ja da baya yana gyara babbar riga. "Sanyi ne, kin cika taɓa ruwa. Ku mata ai Allah ya hore muku juriya, abin da zai kayar da mu ku ko a jikinku. Ki ƙara haƙuri, saura kaɗan. Zan sa a kawo miki na tari daga kemis."

Bai yi ƙarya ba, ya aiko da kwalba mai zaƙi da yamma. Ya Kaka ta karɓa ta shinshina, ta ce wannan zai yi wa Auta kyau, ta sa a adaka.

Lawan kuwa sai murmurewa yake. Ya tashi zaune, ya miƙe tsaye, kumatu suka dawo, ya fara faɗa a kan gishirin farfesu, alamar lafiya ta samu. Ranar da ya fara fita zaure da ƙafarsa, Hansatu ta bari ya gama cin abinci ta tuna masa alkawari.

"Ina sane," ya ce yana sakace haƙori. "Bari a wuce Babbar Sallah. Kin san yanzu kasuwa ke ci, in wata magana ta fita yanzu an kashe mu."

Sallah ta wuce. Ya ce a bari a kai 'yar Yaya Alhaji ɗakinta. Aka kai ta. Sai ya ce ai yanzu jikinsa garau yake jinsa, wataƙila ma abin ya fita, ƙwayar dai yana sha ne don hankalin tsohuwa ya kwanta.

"To ka ce ta ba ni."

"Ke ma kin san halinta. Kada ki haɗa ni da mahaifiyata."

Hansatu ta kwashe kwanukan ta fita. Baƙin cikin da ta ji ranar ya fi tarin ciwo, don tarin bai taɓa yi mata alkawari ba. Ta zauna a bayan ɗaki ta yi kuka, ta share fuska ta ɗora tukunyar dare.

Alhaji Babaji ya shirya walimar godiya. Aka yanka sa guda, aka kafa rumfa har bakin titi, aka zaunar da Malam Abatcha a kan darduma mai laushi ana nuna shi da baki ana cewa shi ya karya jifan. Shi kansa malamin, bawan Allah, ya ɗan yi mamakin ƙarfin rubutunsa, amma bai musa ba. Lawan ya sha shadda yana zagayawa yana gaisawa da dillalai, hannun nan da aka tsare masa yana ta aiki. Hansatu tana kan tukunya tun safe, hayaƙi na shiga ƙirjinta. Tana cikin juya miya tari ya turnuƙe ta, ta toshe baki da gefen mayafi, da ta cire sai ga jini. Ta nemi abin dafawa ta rasa, ta zube a gefen murhu.

Da ta farfaɗo muryar Ya Kaka ta fara ji, tana sallamar matan da suka taru a kanta. "Ba komai, hayaƙi ne. Dama raguwa ce, 'yan Danchuwa ba su saba da taro ba."

Washegari aka ware mata kwano da kofi, aka ɗaura wa kofin jan zare. Aka fitar da ita daga ɗakin mijinta zuwa ɗakin ajiyar hatsi, kada ta shafa wa Auta tari, shi da bai gama warwarewa ba. Matar da ta kwashe kashinsa da hannu ba safa, yanzu in ta gitta sai Ya Kaka ta ja mayafi ta rufe hanci.

Ranar Talatar da za ta karɓo sabuwar roba, Ya Kaka da kanta ta tashe ta, har da tare mata keke, don abin da ke adaka ya kusa ƙarewa. A asibiti Hansatu ta hau sikeli. Sista Ramlat ta dubi sikelin, ta dubi Hansatu, ta tashi ta rufe ƙofa.

"Wa ke shan maganinki?"

Hansatu ta buɗe baki za ta ce maigida yana kudu, tari ya riga ta. Da ya lafa sai ta faɗi komai, har da adaka da jan zare.

Sista Ramlat ba ta yi mamaki ba, abin da ya fi ba Hansatu tsoro ke nan. "Ba ke ce ta farko ba, 'yar'uwa. Leƙa waje ki gani."

Hansatu ta leƙa ta taga. Bencin mata a cike yake har wasu a ƙasa, hijabai kala-kala, kowace ta sunkuyar da kai. A bencin maza akwai tsoho ɗaya, sai wata akuya da ta shigo shan inuwa.

"Duk waɗannan matan daga sama suka samo?" in ji Sista Ramlat. "Mazansu suna nan cikin gari, suna kasuwa, suna tasha."

Aka gwada kakin Hansatu aka ce tarin tibi ne, ya samu jiki ba mai tsaro ya shiga. Aka haɗa mata maganinsa, aka kawo sabuwar roba. Sista Ramlat ta riƙe robar ba ta saki ba sai da Hansatu ta ɗago ido.

"Zan gaya miki ba ɓoye-ɓoye. In wannan ta shiga adaka, ba na jin za ki zo karɓar ta gaba. Shi ma ba gata kike masa ba, ba a gwada shi ba, ba a san abin da jikinsa ke buƙata ba. Ki kawo shi. Muna nan har la'asar, akwai ƙofar baya in teburin kati yake tsoro."

Ta dawo gida da azahar ta tarar da Keke Napep a ƙofa. Ƙanenta Ahmadu na tsaye a jikinsa, an aika masa ya zo daga Danchuwa, da ya ga yadda ta koma sai ya kawar da kai kada ta ga idonsa. A zaure an jingine buhun bakko biyu, kayanta ne a ɗaure, kofin mai jan zare a rataye a bakin ɗaya. Ya Kaka na zaune, Alhaji Babaji na tsaye, Lawan na gefe yana danna waya.

Alhaji Babaji ya yi gyaran murya. "Hansatu, mun duba mun ga jikin nan naki sai a hankali. Kin san al'ada, mace in ta kwanta gidansu take zuwa jinya, hannun uwa daban ne. Ba saki ba ne, ba kora ba ce. Ki je ki sha iskar ƙauye, in kin warware ɗakinki na nan."

Al'ada ce kam, ba ƙage ya yi ba. Namiji in ya kwanta matarsa ce asibitinsa, mace in ta kwanta sai a tuna tana da uwa. Hansatu ko ƙarfin yin mamaki ba ta da shi.

"Sai batun saƙon nan," ya ci gaba. "Duk lokacin karɓa ki shigo gari ki karɓa yadda kika saba, ki ba Ahmadu ya kawo. Mota a kaina."

Ya Kaka ta riga ta kwance makulli. Ta miƙo hannu, tafin a buɗe. Hannun Hansatu har ya fara fitowa daga cikin hijabi da kansa, don ya saba. Sai ta mayar da shi, ta matse robar a ƙirjinta.

"Ya Kaka, wannan tawa ce."

"Taki? A gidan nan kike da taki?"

"Ai kun ce ba a gidan nan nake ba yanzu."

Tsohuwar ta yi sororo da hannu a miƙe. Alhaji Babaji ya leƙa titi, ya ce a rage murya, a shiga daga ciki a yi magana ta hankali. Hansatu ba ta shiga ba, ba ta kuma rage muryar ba, ko da yake muryar ba wani ƙarfi gare ta ba.

"Kashe mini shi za ki yi?" in ji Ya Kaka. "Bayan duk wahalar da muka sha a kansa? Wace irin mace ce ke?"

"Irin wadda ta goya shi ce."

Sai a lokacin Lawan ya sa wayar a aljihu. Ya matso ya yi ƙasa da murya, irin muryar da yake yi lokacin da yake kwance. "Hansatu, ki dubi girman Allah. 'Yan ƙwayoyi ne suka rage a adaka. In suka ƙare kin san inda zan koma."

Ta sani, ita ta wanke inda zai koma. Ta dube shi, ga kumatu, ga shadda, ga wuyan ya fara ninki, duk da lafiyarta aka gina su, kuma abin haushi har yanzu tana sonsa.

"Malam, ba na so ka mutu, kai ma kada ka so in mutu. Ga keke. Zan sa a bi ta asibiti kafin tasha. Suna nan har la'asar, akwai ƙofar baya, bencin maza kuma ba kowa sai wani tsoho da akuya. Ni zan shiga gaba, ka biyo ni kamar ka rako mara lafiya. In an tambaye ka, ai ba ƙarya ka yi ba."

Ahmadu ya loda buhunan, ya zauna gaba kusa da mai keken. Hansatu ta shiga baya ta matsa can ƙarshe ta bar wa mijinta wuri, wuri mai yawa, don ita yanzu ba ta cin wuri.

Lawan ya tako har bakin zaure. Ya dubi keken. Ya dubi yayansa, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi majalisar da ke gindin bishiyar maina a tsallaken titi, inda aka daina hira ana kallo. Ya gyara zaman hularsa.

"Gobe Laraba," ya ce. "Bari a ci kasuwar gobe."

Yau in ka shiga Bolewa za a ba ka labarin wata 'yar Danchuwa marar imani, wadda ta tattara ta bar miji bai gama warkewa ba, ta tsaya a ƙofar gida tana ɗaga wa uwar miji murya. Ya Kaka ce ke bayar da labarin, kuma ta iya, mata har salati suke yi. Ba za ka ji batun adaka ba, ba za ka ji wa ya ɗaure buhunan ba.

Ba za ka kuma ji cewa Hansatu ta ce wa mai keken ya tafi a hankali ba. Ya tafi a hankali har masu tafiya a ƙasa suna wuce su. Ita kuwa tana manne a gefenta, ba ta waiwaya ba, kunnenta ne kawai ke baya yana jiran takun takalmin da ta sani. Suka wuce mai shayi, suka wuce masallaci, suka kai kwana. Mai keken ya tambaya ko ya ɗan tsaya.

"A'a," ta ce. "Mu je tasha."

Ta jawo buhu ɗaya ta ɗora a wurin da ta bari. Ta kwance kofin mai jan zare, Ahmadu ya tsiyaya mata ruwan leda, ta ɓalle murfin robar da haƙori don yatsunta ba ƙarfi. Talata ce, ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Ta sha.